Gudun Da Ya Dace Da Mai Jan Tirelar Tafi-da-gidanka

A ƙasar Amurka akwai wata al'adar yawon hutu wadda ba a saba ganin irinta a Afirka ta Yamma ba. Magidanci kan sayi wani ɗaki mai tayoyi wanda aka shirya masa gadaje da madafa da makewayi da tankin ruwa, ya ɗaura shi a bayan motarsa ta a-kori-kura, ya kwashi iyalinsa su yi tafiyar ɗaruruwan mil zuwa gandun daji ko bakin teku. Duk inda dare ya yi musu, nan ne gida. Wannan ɗaki shi ake nufi da tirelar tafi-da-gidanka. Mutanen Ingila karafan suke ce masa. Kamfanin Airstream ya fara ƙera nasa tun cikin shekarun 1930, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a Amurka yanzu daga jihar Indiyana suke fitowa, musamman garin Elkhart da kewayensa. Manya daga ciki sukan kai tsawon mita 9 ko 10, in kuwa an yi musu lodi nauyinsu kan kai tan 3 zuwa 4, wato sau da yawa sun fi motar da ke jan su nauyi.

Masu irin wannan tirela sun daɗe suna jayayya a kan gudun da ya dace da su a babbar hanya. Wasu na ganin muddin allon gefen hanya ya ce mil 75 a awa, to, kowa ya samu izinin yin mil 75. Wannan fahimta kuskure ce mai cin rai. An rubuta adadin da ke kan allon ne da tunanin mota guda mai tafiya ita kaɗai. Mai jan babbar tirela bai kamata ya wuce mil 60 a awa ba, wato kimanin kilomita 97, ko da hanya ta yi kyau sarari ya washe, kuma akwai lokuta da dama da mil 60 ɗin ma ya yi masa yawa. Hujjojin wannan ra'ayi suna cikin darussan kimiyyar da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Abin da dokoki suka tanada

A watan Janairu na 1974, lokacin ƙarancin man fetur, Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta tsayar da gudu a kan mil 55 a awa a duk faɗin Amurka. An sassauta dokar a 1987, aka soke ta a 1995, aka bar kowace jiha ta yanka wa kanta. Tun daga nan adadin ya yi ta hawa. Jihohi da dama na yammacin ƙasar sun yarda da mil 75 ko 80, har ma a 2012 jihar Tekzas ta buɗe wani yanki na hanya inda aka yarda da mil 85, kusan kilomita 137. A jihohi da yawa kuma ba a ware wa mai jan tirela wata iyaka ta daban ba.

To, amma duk inda masu doka suka zauna suka dubi sha'anin jan tirela shi kaɗai, amsarsu kusan ɗaya ce. Jihar Kalifoniya ta hana duk motar da ke jan wani abu wuce mil 55, wato kilomita 88. A Birtaniya mai jan karafan yana da mil 60 a kan tagwayen hanyoyi da mil 50 a kan hanya mai falle ɗaya, kuma ba shi da damar shiga layin masu sauri a babbar hanya mai layi uku ko fiye. A Jamus, ƙasar da ta shahara da hanyoyin da ba a ƙayyade wa ƙananan motoci gudu ba, mai jan tirela kilomita 80 aka ba shi, sai fa in motar da tirelar sun cika wasu sharuɗɗa, sannan a ba shi shaidar yin 100. Kamfanin U-Haul, mai ba da hayar tirelolin kaya a Amurka, mil 55 yake gaya wa masu haya. Ƙasashe dabam-dabam, hanyoyi dabam-dabam, amma duk sun faɗa tsakanin kilomita 80 da 100 a awa. Abin da ya haɗa su a wuri ɗaya shi ne halin birki da na jikin ɗan Adam da na tirelar kanta.

Birki da jijiya

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da ƙarfin motsi, kuma ana lissafa shi da rabin nauyin abin, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Da yake gudu ya shigo lissafin sau biyu, ƙarin gudu kaɗan kan haifar da ƙarin ƙarfi mai yawa. Alal misali, a ɗauki a-kori-kura mai kilo 2,500 tana jan tirela mai kilo 3,500, jimla kilo 6,000. A kilomita 90 a awa, wato mita 25 a kowane sakan, ƙarfin motsinsu jul 1,875,000 ne. A kilomita 120 kuwa ya kai jul 3,333,000. Gudu ya ƙaru da sulusi, ƙarfin ya ƙaru da kashi 78 cikin ɗari. Kafin motar ta tsaya, tilas duk wannan ƙarfi ya koma zafi a jikin birki da tayoyi, ko kuma ya ƙare a jikin abin da aka yi karo da shi.

Birki kuwa ba ya fara aiki sai ƙafa ta taka shi, ƙafa kuma umarni take jira. Idan barewa ta faɗo hanya, hasken da ya taso daga jikinta zai sauka a tantanin da ke can cikin ido, jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta gane abin da ta gani ta yanke shawara, sannan umarni ya bi ta laka ya isa tsokokin ƙafa. Tafiyar saƙon ba ta cin lokaci, don jijiyoyi mafiya sauri kan kai shi mita 100 ko fiye a sakan guda. A wajen ganewa da yanke shawara lokacin ke salwanta. Ɗalibin da aka zaunar a ɗakin gwaji yana jiran fitila ta kama ya danna maɓalli yakan yi haka cikin kusan rubu'in sakan, saboda ya san abin da yake jira. Direban da abu ya zo wa ba zato yakan ci kimanin sakan ɗaya da rabi, injiniyoyin hanya na Amurka ma sakan biyu da rabi suke sakawa a lissafinsu domin a bar wa masu nawa sarari. Gajiya tana ƙara tsawon wannan lokaci. A 1997 masu bincike biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 ba barci aikin idonsa da hannunsa kan lalace kwatankwacin na wanda ya sha giya daidai gwargwado. Mai tafiyar hutu da ya kwana yana loda kaya ya kama hanya da asuba yana cikin wannan sahu tun kafin magariba.

Yanzu sai a haɗa lissafin biyu. A ƙaddara direbobi biyu ne a jere, ɗaya a kilomita 90, ɗaya a 120, kowanne yana jan tirela, suka hangi mota ta mutu a tsakiyar hanya a lokaci guda. A ƙaddara kowanne ya ɗauki sakan ɗaya da rabi kafin ya taka birki, birkin kuma yana rage gudu da kilomita 18 a awa cikin kowane sakan. Na farko zai ci mita 37 da rabi kafin ƙafarsa ta sauka, ya ci mita 62 da rabi yana birki, ya tsaya a mita 100 cif. Na biyu zai ci mita 50, sannan 111, jimla mita 161. Abin tsoron yana nan: a daidai wurin da na farko ya tsaya cik, na biyu yana nan yana gudun kusan kilomita 89 a awa. Ratar kilomita 30 ce tsakaninsu da farko, amma idan motar da ta mutu tana mita 100 daga gare su, ɗaya zai fito ya duba abin da ya faru, ɗayan kuwa zai auka mata da tan 6 kamar bai taɓa birki ba.

Tangaɗin tirela

Haɗarin da ya keɓanta da mai jan tirela shi ne tangaɗi, wato tirelar ta fara kaɗawa hagu da dama a bayan mota. Mai karatu da ya saba ganin manyan motocin tirela a hanyar Kano zuwa Kaduna zai lura cewa gaban tirelar yana zaune ne a kan wani faifan ƙarfe daidai saman tayoyin baya na kan motar. Tirelar tafi-da-gidanka ba haka take ba. Ana maƙala ta ne a wani dunƙulen ƙarfe da ke can bayan motar, tazarar mita guda ko fiye daga tayoyin baya. Wannan tazara ita ce matsalar, domin takan zama kamar sandar da ake ɓamɓare dutse da ita. Duk lokacin da tirelar ta karkata gefe, sai ta ture ɗuwawun motar, gaban motar ya juya ɗaya gefen. Ga shi kuma gefen tirelar bango ne guda mai tsawon mita 9 da tsayin kusan mita 3, wanda iskar gefe ko iskar babbar mota mai wucewa ke samun wurin bugu.

A ƙaramin gudu, idan iska ko rami ko murɗa sitiyari ya kaɗa tirelar, takan yi lilo sau ɗaya ko biyu ta dawo daidai, saboda riƙon da tayoyi suka yi wa kwalta yana kashe motsin. Gwargwadon ƙaruwar gudu, gwargwadon raguwar wannan kashewa. Akwai wani gudu wanda idan an kai shi lilon ba ya mutuwa, idan an wuce shi kuma kowace kaɗawa ta fi ta bayanta faɗi, har tirelar ta kife ko ta naɗe motar. Babu agogon da ke nuna wa direba wannan gudu a gabansa. Mutum na iya yin awa uku a samansa lafiya lau saboda babu abin da ya taɓa tirelar, sai babbar mota guda ta wuce shi, cikin 'yan sakanni komai ya ƙwace.

Daɗin daɗawa, wannan gudu ba a tsaye yake ba, lodi ne ke ɗaga shi ko ya sauke shi. Gwaje-gwajen da injiniyoyin Jami'ar Bath ta Ingila suka buga a 2009 sun nuna cewa abubuwan da suka fi tasiri su ne nauyin da ke danne maƙalin, da wurin da tayoyin tirelar suke, da yadda aka baza kaya daga tsakiyarta zuwa ƙarshenta. A Amurka shawarar da aka saba bayarwa ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a kan maƙalin. Litar ruwa guda kilo guda ce, saboda haka tanki mai lita 150 da ke can baya, ko janareta da kekuna da aka rataya a wutsiya, sun isa su mai da tirelar da ta yi tafiya lafiya jiya ta zama abar tsoro yau. Malami na iya nuna wannan a aji da sanda guda da duwatsu biyu. A ɗaure duwatsun kusa da tsakiyar sandar, ɗalibi ya riƙe tsakiya ya juya ta hagu da dama, sannan a mai da su ƙarshe biyu ya sake gwadawa. Nauyin bai canza ba, amma zai ji yadda sandar ke ƙin tsayawa da zarar ta fara juyawa.

A nan ma jinkirin jijiya na shigowa. Tirela kan kammala kaɗawa guda cikin sakan ɗaya ko biyu, wato kusan daidai lokacin da direba ke ɗauka kafin ya mai da martani. Saboda haka idan ya murɗa sitiyari don ya gyara karkatar hagu, kafin hannunsa ya aikata tirelar ta riga ta koma dama, sai gyaran nasa ya zama ƙarin turi. Abin da ya dace shi ne ya riƙe sitiyari a miƙe, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya guji danna birkin motar da ƙarfi, idan tirelar na da birkin lantarki ya ja madanninsa na hannu don ta ja da baya ta miƙe. Maganar da wasu ke yi cewa ƙara wuta na miƙar da tirela shawara ce mai kisa, tunda gudun ne tushen ciwon.

Tayoyi

Tayoyin da aka yi musamman don irin wannan tirela a Amurka suna ɗauke da haruffan ST a gefensu, kuma shekaru da yawa iyakar gudun da aka yi su dominsa mil 65 ne, kimanin kilomita 105. Sababbi da dama yanzu suna da harafin da ke nuna iyaka mafi girma: L na nufin mil 75, M mil 81, N mil 87. Amma waɗannan adadi an same su ne da taya sabuwa mai cikakkiyar iska da lodin da bai wuce kima ba. A kilomita 105, tayar tirela kan juya kusan sau 13 a sakan guda, kowane juyi kuma gefenta na lanƙwasawa ya miƙe, wannan lanƙwasa tana haifar da zafi a cikin robar. Ƙarancin iska da yawan lodi da kwalta mai ƙuna irin ta hamadar Arizona duk suna ƙara zafin, har robar ta rabu da wayoyin da ke cikinta tayar ta fashe. Tirelar hutu kuma ta fi daɗewa a ajiye cikin rana fiye da a hanya, don haka tayarta kan tsufa alhali zanenta bai goge ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen tayar suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma ƙungiyoyin masu karafan na Birtaniya na ba da shawarar a canza taya bayan shekara 5, kada ta wuce 7 ko yaya ta yi kyau a ido.

Hujjojin masu son gudu

Hujjarsu ta farko lokaci ce. Tafiyar kilomita 400 a gudun 120 takan ci awa 3 da minti 20, a gudun 95 kuma awa 4 da minti 13. Ribar minti 53 ke nan. Sai dai turjiyar iska ita ma da gudu sau gudu take hawa, don haka a 120 ta fi ta 95 da kusan kashi 60 cikin ɗari, abin da ke nufin ƙarin mai da ƙarin tsayawa a gidan mai. Wani ɓangare na minti 53 ɗin a nan zai tafi. Masu iya magana sun ce sauri kan haifi nawa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa mai tafiya a hankali cikin motoci masu gudu shi ma haɗari ne, domin yana tilasta wa na baya taka birki da canza layi. A 1964 wani mai bincike na gwamnatin Amurka, David Solomon, ya nuna cewa motocin da gudunsu ya yi nisa da na sauran, sama ko ƙasa, sun fi shiga haɗari. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ba a ce mai tirela ya yi mil 40 a hanyar mil 75 ba. Amma binciken Solomon a hanyoyin karkara na shekarun 1950 aka yi shi, kuma masu nazari daga baya sun nuna cewa cikin masu tafiya a hankalin akwai waɗanda ke rage gudu ne don su sha kwana a mararraba. A babbar hanya mai layi biyu ko uku akwai layin da aka tanada don masu nauyi, kamfanonin sufuri da yawa ma sun ɗaure injunan manyan motocinsu kusa da mil 65. Mai tirela a mil 60 cikin wannan layi ba baƙo ba ne. A hanya mai falle ɗaya kuwa, ladabi shi ne ya ratse gefe inda wuri ya samu ya bar jerin da ya taru a bayansa ya wuce.

Hujja ta uku ita ce motocin yau suna da inji mai ƙarfi da na'urar kwamfuta mai jin tangaɗi ta taka birkin tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan na'urori suna da amfani, haka ma ƙarafan hana kaɗawa da ake ɗaurawa a maƙali. Amma ƙarfin inji labarin ja yake bayarwa, bai ce komai game da tsayawa ba, na'urar kuwa sai tangaɗi ya fara take farkawa. Injin da ke jan tan 4 ba tare da nishi ba, cikin mota mai sanyi da shiru, yana ma ɗauke wa direba alamun da a dā suke gaya masa ya yi yawa. Ƙwaƙwalwa kuma tana sabawa da gudu, bayan awa guda a miƙaƙƙiyar hanya sai mutum ya ji kamar rarrafe yake yi. Shi ya sa agogon gudu ya fi jin jikin direba cancantar a yarda da shi.

Abin da ya kamata

Mai jan babbar tirela yana da iyakoki huɗu a gabansa: ta dokar jihar da yake ciki, ta harafin da ke jikin tayarsa, ta littafin kamfanin da ya ƙera motar da tirelar, da ta halin da hanya ke ciki a wannan sa'a. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce tasa, kuma mil 60 ya zama rufinsu duka. Ruwan sama ko iskar gefe ko duhu ko gajiya, kowanne dalili ne na sauka zuwa mil 50 ko ƙasa. A gangaren tsaunuka irin na Kolorado, inda tirela ke turo motar daga baya birki kuma ke ɗaukar zafi har ya daina kamawa, sai a sa ƙaramin giya tun daga sama a bar inji ya riƙe nauyin. Kafin a tashi kuma a hau ma'aunin manyan motoci a san ainihin nauyin tirelar da na maƙalinta, maimakon kintace.

Jihohin Amurka da suka bar mai jan tan 4 yana bin allo ɗaya da mai ƙaramar mota ya kamata su bi sawun Kalifoniya da Birtaniya da Jamus, su ware masa iyakarsa. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta riga ta amince da wannan tunani, tunda ta ba motar gida kilomita 100 a tagwayen hanya ta ba tanka da tirela 60. Abin da ya rage shi ne direbobi su san dalilin ratar, kuma aji ne wurin da za a fara. Malamin da ya ba ɗalibansa lissafin direbobin nan biyu, ya ce su sake shi da sakan biyu da rabi maimakon ɗaya da rabi, zai ga sun gano da kansu cewa mai kilomita 90 ya tsaya a mita 125, mai 120 kuma sai ya haura mita 194.